Yondon Ba Ya Kushe Kogi

Har daminar bara, ƙanena Yondon bai taɓa buɗe baki ya ce wa matafiyi hanya ba ta da kyau ba. Shekarunsa hamsin da tara, kuma arba'in da bakwai daga ciki, in ban da ukun da ya yi a soja, a bakin Farin Kogi ya cinye su yana ce wa mutane "Lafiya lau," ko da ruwan yana wucewa da matacciyar saniya ƙafafu sama a gaban idonsa. Ni ce yayarsa Densma, mai ɗakin abinci a nan mashigin kogin, daidai inda hanya ke gangarowa daga Wuyan Raƙumi, ratsen da ke can saman duwatsu, ta faɗa ruwa. Saboda haka duk ƙaryar da ya shara, a ƙofar ɗakina ya shara ta, kuma ni nake shanya wandunan waɗanda suka yarda da shi.

Kowa a duwatsun Altai ya san ba a kushe hanya a fili. Dutse yana da kunne, kogi ma yana da nasa, kuma abin da ka ambata shi ka gayyato. Ba a tambayar direba yaushe za a isa, ba a cewa ruwa zai ci mutum. Amma sauran jama'a sama-sama suke riƙe da wannan. In tura ta kai bango, sai mutum ya juya wa dutsen baya, ya rage murya ya ce maka kada ka shiga. Yondon ne kaɗai ya ɗauki abin ya aza a ka, kuma yana da dalilinsa.

Babanmu Sodnom direban babbar motar ƙungiyar makiyaya ne, a zamanin da dabbobi duka na gwamnati ne. Wata damina ya iso mashigin da lodin ulu bayan rana ta karkata, lokacin da ƙanƙarar kan duwatsu ke narkewa kogi ya kumbura. Yondon yana shekara sha biyu, ni ina sha shida. Yaron ya dubi ruwan, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Baba, ruwan nan ba kyau yau. Zai tafi da kai." Baba ya yi dariya, ya ja masa kunne, ya hau mota ya shiga. An samu motar bayan kwana biyu, an samu Baba bayan kwana biyar. Ranar da aka kawo shi, wani a gidanmu ya dubi yaron ya ce masa, "Bakinka ne." Tun daga nan Yondon ya yarda cewa shi ya kira wa ubansa ruwa, kuma duk wanda ya sake faɗa wa wannan magana, shi ma ya tafi ke nan.

Ya yi soja shekara uku, ya dawo da iya tuƙi da zagin Rashanci da gwiwa ɗaya mai ciwo. Da ƙungiya ta watse aka raba dukiya, masu hankali suka kama tumaki da awaki, shi ya kama tsohuwar taraktar da kowa ya ƙi. Amarya yake kiranta, don ba ta tashi da safe sai an hura mata wuta a ƙarƙashin ciki an lallashe ta. Amarya ta gaske ma ya taɓa yi. Ta tambaye shi ran biki ko yana ganin zaman zai ɗore, ya ce lafiya lau, bayan shekara uku ta tattara ta koma Ulanbator, babban birni, da butar tagullar mahaifiyarmu. Matar ban damu da ita ba, butar ce har yau take ci mini rai. Daga nan ya kafa tantinsa kusa da ɗakina, ya zama mai ciro duk motar da ta maƙale a mashigin, ba tare da wani ya naɗa shi ba.

Direbobinmu na gida ba sa shan wahala da shi, domin ba bakinsa suke saurara ba. Mutum zai leƙo ta taga ya ce, "Kawu Yondon, ya hanya?" Ya ce, "Lafiya lau." In daga nan ya juya ya ci gaba da sosa ƙeya, ruwa iya gwiwa ne, wuce abinka. In ya ƙara da "Sauko ka sha shayi mana," to ruwa ya tasar ma ƙugu, mai hankali ya jira safe. In ya ciro kwalbar tabar hanci ya soma tambayar lafiyar tsohuwarka, ya zura dogon takalminsa na roba ya saɓa sarƙa, za ka maƙale amma za a ciro ka. In kuwa ka ji ya ƙwala mini kira, "Yaya, ɗora nama," kashe mota kawai, ranar ba mai ƙetarewa. Masu koyon tuƙi a lardin nan suna haddace wannan kafin su san inda birki yake.

Sai ga baƙi. Tun da aka soma ba su hayar jif a birni su tuƙa da kansu, kowace damina sai sun gangaro mana daga Wuyan Raƙumi. Kafin ka gan su za ka ji ƙaurinsu, don ba su san a sa mota a ƙaramar giya ta sauko da kanta ba, birki suke takawa tun daga sama har taya ta yi hayaƙi. Su fito leɓe a tsage, kai na sarawa saboda tsayin wurin, mutum ya yi taku goma ya tsaya yana haki kamar ya tashi daga kokawa. Kowanne da waya a hannu, wayar ta zana masa kogin siriri kamar zare, hanya ta tsallake shi ko jiƙewa ba ta yi ba. Kuma tambayoyin nan biyu da aka hana, su ne farkon abin da ke fita daga bakinsu. Awa nawa zuwa gari? Yondon ya tura leɓe gabas ya ce nan ne kusa. Hanya da kyau? Lafiya lau.

Laifin ƙanena shi ne yana zaton duk duniya an san ma'anar shayi. Akwai wasu samari biyu 'yan Italiya da suka zo da tanti a kan rufin mota. Ya ce su sha shayi, suka ce sun sha gahawa. Ya ciro tabar hanci yana tambayar lafiyar iyayensu, suka ce kai wannan tsoho akwai kirki, suka ɗauke shi hoto. Ya zura takalmin roba ya saɓa sarƙa, suka ɗauki wannan ma hoto, suka ɗaga masa hannu suka shiga. A tsakiyar kogi inji ya sha ruwa ya mutu, suka haye rufi suka shige tantin suna kiran uwayen da aka gama tambayar lafiyarsu. Da Amarya ta jawo su tudu, ɗayan ya diro wando na tsiyaya, yana nuna Yondon da yatsa yana maimaita kalmar "lafiya" da ya koya a littafi. Yondon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To ba ga ka nan da ranka ba?"

A gari ana cewa da gangan yake yi don a cika masa aljihu. Ƙarya ce, ko tugirik ɗaya na kuɗin ƙasarmu ba ya karɓa. Abin da baƙin ke bari shi ne 'yan tutocin ƙasashensu da suke manna wa Amarya a ƙofa, sai wata tukunyar dafa gahawa da wani ya ba shi, wadda nake zuba gishiri a ciki. Ni kuwa ba na raga masa. Nakan ce, "Lambar yabo ya kamata gwamnati ta ba ka, kai kaɗai ne kake wanke wa baƙi mota har cikin inji." Sai ya ce, "Yaya, ai ba wanda ya mutu." Kuma gaskiyarsa. Tun bayan Baba, ruwa bai ƙara cin kowa a mashigin nan ba, domin kafin tayar baƙo ta jiƙe Amarya na kunne tana jira. Abin da bakinsa ya ɓata, taraktarsa ke gyarawa.

To ranar da nake son ba da labari, babu tarakta. Kwana tara ke nan Amarya na kwance, kayan cikinta a baje a kan buzu, ana jiran famfon mai daga babban garin lardi a hannun wani direba wanda kullum saƙonsa gobe. Aka yi kwana uku ana zafi, sannan hadari ya zauna a kan duwatsu ya juye. Farin Kogi ya koma kalar shayi mai madara, kana jin manyan duwatsu suna gurnani a ƙarƙashinsa suna birgima. Direbobin gida ko tambaya ba su zo yi ba.

Wajen ƙarfe biyu na rana wata farar jif ta sauko daga Wuya a hankali, ba ƙauri ba hayaƙi. Yondon ya ɗago kai daga kayan Amarya ya ce, "Wannan ya san giya." Sai ga wata 'yar tsohuwa ta fito, gajeriya, furfura a aske kamar ta soja, da ƙaton agogon maza a hannu. Ta gaishe mu da Rashanci irin na makaranta, wanda ni ma aka ɗura mini ina yarinya, saboda haka muka fahimci juna. Sunanta Zdenka, suna ne da sai ka ciji harshe, daga ƙasar Cek. Ta ce shekara talatin da biyu tana tuƙa jirgin ƙasan cikin gari, irin wanda ba shi da sitiyari, kuma ba ta taɓa makara da minti biyar ba. Da mijinta ya rasu ta ajiye aiki, sai ta ce wa kanta ta gaji da bin layin da wani ya shimfiɗa, tana so ta juya sitiyari da hannunta ko sau ɗaya. Ta zagaya tarin duwatsun da matafiya ke girmamawa a kan Wuya sau uku yadda littafinta ya ce, yanzu kuma sauri take, don saura kwana huɗu ta mayar da mota birni ta hau jirgin gida.

Ta dubi Yondon ta ce, "A gari an ce mini in tambayi mai tarakta. Kwamared, ruwan nan yana ƙetaruwa?"

Ya dubi Amarya, ya dubi kogi, ya ce, "Lafiya lau. Uwargida, sauko ki sha shayi."

Ta sha a tsaye, ta yamutsa fuska saboda gishirin, ta yi godiya. Ya ciro tabar hanci ya miƙa mata da hannu biyu yana tambayar lafiyar mahaifiyarta. Ta shaƙa, ta yi atishawa uku, ta ce mahaifiyarta ta yi shekara ashirin a ƙasa, ta duba agogo. Ya juyo ya ƙwala kira kamar ina bayan dutse, alhali ina tsaye a gefensa: "Yaya, ɗora nama." Na ce mata ƙanena yana gayyatarta cin abinci. Ta ce ta ci biskit a kan hanya.

Ni ban yi wa kowa alkawarin riƙe baki ba. Na juya wa dutsen baya na ce mata, "Baƙuwa, kada ki shiga. Ruwan nan ya fi ƙarfin motarki. Kwana nan, da safe zai janye."

Ta leƙa ɗakina, ta ga gadaje huɗu na haya da tukunya a kan wuta, ta yi wani murmushi da ya sa na ji kamar in maka mata ludayi. Ta ce, "'Yar'uwa, tun daga birni duk mai masauki sai ya ce mini hanyar gaba ba ta biyuwa, in kwana wurinsa. Kuma ga ni na iso. Ke mai abinci ce, shi ne mai kogi."

Ban taɓa jin haushin gadajen nan irin na ranar ba.

Yondon ya shiga dabaru. Ya zagaya motar ya daki taya ya ce iska ta yi ƙasa, ta ciro ma'auni ta gwada a gabansa, taya ƙalau. Ya ce al'adarmu ce baƙo ba ya wuce gida sai an yanka masa rago, har ya ruga ya kamo wani da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya jawo shi da ƙaho. Ta shafa kan ragon ta ce a bar shi ya girma. Ya ce akwai zanen mutanen zamanin da a kan wani dutse can sama, baƙi na son gani, ta ce ta ga guda ɗari. Gumi ya jiƙa masa hula duk da iskar da ake yi. A ƙarshe ya ce, "Gobe da safe hanya ta fi lafiya."

Ta ce, "Amma yau ma lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Ta gyara tsayuwa ta ce, "Kwamared, ni aikina ba wuya. Ja in tsaya, kore in wuce. Shekara talatin da biyu ban taɓa gardama da fitila ba, shi ya sa nake raye. Yau kai ne fitilar. Ka ce kore, na gode." Ta miƙa masa hannu, ta shiga mota ta ɗaura bel.

Na kama hannun rigarsa na yi masa magana da harshenmu. "Faɗa mata, kai jakin dutse. Ba Amarya, ba sarƙa. In ta shiga, a ƙasan kwari za a tsinto ta."

Ya ce, "Yaya, kin san abin da bakina ke yi."

"Bakinka ba abin da yake yi sai cin namana."

"In na faɗa kuma ta tafi fa? Baba ma na faɗa masa." Muryarsa ta koma ta yaro, har na kasa kallonsa. "In na yi shiru ruwa ya ci ta, in na yi magana ni na kira mata. Ki gaya mini wanne zan ɗauka."

Zdenka ta riga ta tada mota. Ta sa ƙaramar giya yadda ya kamata, ta soma gangarawa kan tsakuwa a hankali, tana zaune cak kamar mai zuwa ofis. Na bi ta ina ɗaga hannu ina ihu, ta ɗago mini nata hannun a zaton ban kwana nake yi. Tayoyin gaba suka taɓa ruwa, nan take kumfa ta rufe su.

Sai na ji ƙasa na amsawa a bayana. Yondon ne, da tumbinsa da gurguwar gwiwarsa da takalmin roba, yana gudun da ban ga ya yi ba tun yana yaro. Ya wuce ni ya faɗa ruwa har cinya, ya daki gilashin da tafin hannu. Ta sauke. Ya tsaya yana haki, baki na buɗewa yana rufewa. Sannan ya faɗa da Rashancinsa na bariki, kuma kamar hakan bai ishe shi ba ya maimaita da harshenmu, da ƙarfi, fuskarsa na kallon dutsen:

"Ruwan nan ba kyau yau. Zai tafi da ke."

Kalmomin nan ne, ba ragi ba ƙari. Na zauna a kan tsakuwa.

Zdenka ta dube shi, ta dubi kogi, ta ce, "Ja ke nan." Ta sa giyar baya ta fito tudu, ta ja birkin hannu, ta kashe mota. Ta sauko tana cire safar hannu ta ce, "Me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Naman nan yana nan, 'yar'uwa?"

Da a ce ƙanena irin sauran mutane ne, da ya zauna ya sha shayi. Amma shi a wurinsa an riga an aika wa kogi da saƙo, saura a zo ɗauka. Ya karɓi makulli ya matsar da motarta can saman tudu, ya tokare kowace taya da dutse. Da ta zauna cin abinci ya ƙwace wuƙar hannunta, ya ce in yayyanka mata naman ƙanana kada ƙashi ya shaƙe ta. Ta tashi za ta wanke hannu a gefen kogi, ya sha gabanta da buta. Za ta zagaya bayan ɗaki, sai da na riƙe shi da ƙyar, na ce nan kam ba rakiya. Ta tambaye ni a hankali ko ƙanena yana neman aure ne. Na ce a'a, jira yake ki mutu. Ta ɗauka Rashancina ne ya karye, ta yi dariya ta ƙara nama.

Kafin rana ta faɗi kogin ya yage gaɓar da tayoyinta suka taka, ya wuce da ita gaba ɗaya. Muka ga ƙofar katako mai jan fenti ta tantin wani tana juyawa a kan ruwa, bayanta wata tunkiya. Zdenka ta daina tauna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta cire agogon ta sa a aljihu ta ce jirgi ya tafi abinsa in ya ga dama. Yondon bai ci komai ba. Yana zaune a kan dutsen da ya saba zama, hula a hannu, ido ɗaya a kan kogi ɗaya a kan ƙofar ɗakina, yana jiran abin da zai zo.

Ba abin da ya zo. Matar ta kwana a ɗaya daga cikin gadajen nan da ta raina, ta tashi da safe da ranta da lafiyarta, har ta nemi ƙarin shayi mai gishiri. Sanyin asuba ya ɗaure ƙanƙarar sama, kogin ya janye ya koma iya gwiwa, ana ganin tsakuwar ƙasa. Ta fito ta tsaya gaban Yondon ta ce, "Kwamared, fitila?"

Ya shiga ruwan da sanda ya tattaka, ya je tsallake ya dawo, ya ce, "Kore. Amma ki bi bayana, hagu akwai rami." Na kusa sakin kwano, domin a bakinsa wannan magana daidai take da jawabin awa guda. Ya wuce gaba da ƙafa, ita tana biye a ƙaramar giya, ni ina watsa madara da ludayi a bayan motar yadda ake yi wa mai tafiya. Ta hau tsallake, ta danna ham sau biyu, ta miƙa hanya. Ba ta bar tuta ba, don Amarya ba ta ciro ta ba.

Ya dawo ya zauna a bakin ƙofata, ya cire takalma yana juye ruwan ciki. Na miƙa masa shayi. Ya riƙe kwanon bai sha ba, yana kallon ƙurar motar har ta ɓace.

Ya ce, "Yaya, ta ji."

Na ce, "Ai kurma ma ya ji. Har awaki sun watse."

"Na faɗa, ta ji, ta tsaya. Ga ta can ta tafi da ranta." Ya juya kwanon a hannu. "Ashe Baba ma ya ji. Tsayawa ce bai yi ba."

Ni mace ce mai baki, duk lardin nan an shaida. Amma maganar da ta kamata in yi, sai da na shekara arba'in da bakwai ina kewaye ta. Na zauna kusa da shi a kan dakali na ce, "Yondon, wanda ya ce maka bakinka ne, ni ce."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ai ina wurin."

"Ina shekara sha shida. An kawo Baba a nannaɗe, ina neman wanda zan daka, kai ne kusa. Ban yarda da maganar ba ko a ranar. Daga baya kuma na ga ka gina gida a kanta, na ji kunyar rushewa, sai na koma yi maka dariya."

Na yi kuka, irin mummunan kukan tsofaffi mai majina, shi kuma ya zuba wa kogi ido don kada ya kunyata ni. Can ya kai kwanon baki ya kurɓa, ya riƙe shayin a baki kamar mai ɗanɗana shi karon farko, sannan ya haɗiye.

Ya ce, "Yaya, shayin nan ba kyau. Gishiri ya yi yawa."

Na ce, "Yau?"

Ya ce, "Tun da kika soma dafawa."

Duk wani mahaluki da ya faɗa mini haka a ƙofar ɗakina, da ya tafi da shatin ludayi a goshi. Na karɓi kwanon daga hannunsa na zubar, na shiga ciki na ɗora masa wani.